Kabarin Voulet a Maijirgi

Duk ɗan Tasawa da ya taso yana bin hanyar Damagaram ya san Maijirgi, amma ba kowa ya san cewa a nan aka binne Kyaftin Paul Voulet ba. Shi ne hafsan Faransa da ya jagoranci rundunar da ta ratsa ƙasar Hausa a 1899, tana ƙone garuruwa tana karkashe mutane, daga Birnin Ƙonni har Koran Kalgo. A Dankori ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Paris ta aiko ya tsayar da shi, ranar 14 ga Yuli; bayan kwana uku sojojinsa suka kashe shi.

Wata ɗalibar ilimin harshe, 'yar Tasawa, ta fara jin labarin ne daga bakin kakarta, da Hausar gida. Sai daga baya ta ji cewa wani fim na gaskiya mai suna African Apocalypse, na Rob Lemkin da Femi Nylander, ya kai shi bikin fina-finai na Landan a 2020. Jikokin waɗanda aka kashe sun yi magana a cikinsa, 'yan kallo kuwa suna bin rubutun Turanci a ƙasan allo. Wannan ne ya dame ta. Irin wannan rubutu kan ɗauki ma'ana ya bar nauyin murya, da shirun da dattijo ke yi kafin ya ambaci kakansa. Da aka mayar da fim ɗin Hausa, sai masu labarin suka zama masu kallonsa.

Tambayar da ta fi ci mata tuwo a ƙwarya ita ce: wace kotu za ta saurari wannan ƙara? Kotun Hukunta Manyan Laifuka da ke Heg ba ta taɓa laifin da ya gabaci 1 ga Yuli 2002, kuma matattu ba sa gurfana. Abin da ya rage wa mutanen yankin shi ne su nemi Faransa ta amsa laifi, ta buɗe kundayenta na tarihi, ta yi gyara. Ko a nan harshe na da aiki. Takardun Majalisar Ɗinkin Duniya suna da tasu kalmar, amma Bahaushe in ya ce diyya, kuɗin jini yake nufi, wanda ake biyan magada rai da rai, alhali ba wanda ya rubuta sunayen mutanen Koran Kalgo ranar da aka kashe su.