Abin da Damƙar Hannu ke Faɗa Game da Kafaɗa

A cikin manyan gaɓoɓin jikin ɗan Adam babu wadda ta kai kafaɗa walwala, babu kuma wadda ta kai ta saurin gocewa. Dalilin yana cikin ƙirarta. Kan ƙashin damtse babba ne mulmulalle, gurbin da yake zaune a ciki kuwa, a jikin allon kafaɗa, ƙarami ne marar zurfi. Abin da ke riƙe da shi shi ne zoben guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin, da jijiyoyi, da tsokoki huɗu da suka rungume gaɓar. Tun 1923 wani likitan fiɗa na Ingila, Arthur Bankart, ya bayyana yadda zoben nan ke ɓallewa daga ƙashi har kafaɗa ta riƙa gocewa a kai a kai. Matasa ne suka fi fama da wannan maimaici.

Tsokokin nan ba sa jiran sai an ɗaga hannu kafin su yi aiki. Da zarar mutum ya damƙi abu da ƙarfi, sai su ƙara ɗaurewa su danna kan ƙashin cikin gurbinsa, domin yatsu ba sa cin moriyar ƙarfinsu sai tushen hannun ya kafu. Shi ya sa ake yawan samun ƙarfin damƙa yana tafiya tare da ƙarfin tsokokin da ke juya damtse waje.

Masu gashin ƙashi na amfana da wannan dangantaka. Gwada kafaɗar da ta taɓa gocewa yakan zo da zafi da fargaba, amma matsa na'urar Jamar ba ya buƙatar ɗaga hannu. Majinyaci zai zauna, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya matsa sau uku, sannan a kwatanta sakamakon da na ɗaya hannun.

Sai dai damƙa alama ce kawai. Ciwon wuya ko na wuyan hannu na iya raunana ta alhali kafaɗa lafiya lau take. Ɗan dako ko ɗan dambe kuma na iya samun damƙa mai ƙarfi alhali zoben guringuntsinsa a yage yake, kuma matsa ƙwallon roba ba zai mayar da shi wurinsa ba. Wanda ya koma bakin aiki don kawai hannunsa ya soma riƙo, ba tare da likita ya duba kafaɗar kanta ba, yana iya sake gocewa da kayan farko da ya ɗaga sama da kansa.