Abundance: yawa ce ko yalwa?

A wannan makon za mu ɗan tsaya kan kalmar Turanci abundance, wadda sau da yawa ake fassara ta da "yawa" a wuce.

Asalinta daga Latin ne, abundare, wato ruwa ya cika har ya tumbatsa. A cikinta ma akwai unda, igiyar ruwa. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarni na 14. 'Yar uwarta plenty kuwa daga plenus ta fito, ma'ana cikakke. Ke nan plenty randa ce ta cika ta tsaya, abundance randa ce ta cika ruwa yana malala a ƙasa.

Mu a wurinmu "yawa" ƙidaya ce kawai, ba ruwanta da daɗi ko rashinsa. Sauro yana da yawa, bashi yana da yawa. Amma ba mu taɓa jin an ce "yalwar sauro" ba. Yalwa rumbu ne ya cika, gida ya ci, har maƙwabci ya samu. Ai shi ya sa ake raɗa wa gari suna Yelwa, kamar ta Yauri da ta Shendam, don babu mai sa wa garinsu suna Yawa. Wadata kuma a jikin mutum take: abin hannunsa ya ishe shi, ko da kaɗan ne.

Sai dai Bature bai tsare wannan iyakar ba, kuma nan ne tarkon yake. In littafin kimiyya ya ce abundance na sinadarin oksijin a ɓawon duniya ya kai kusan kashi 46 cikin 100 bisa nauyi, lissafi ne zalla, "yawa" ce ta dace. Haka abundance of caution da jami'an Amurka suke yawan faɗa. Wanda ya rubuta "yalwar taka-tsantsan" ya ba mai karatu dariya. Mu cewa za mu yi "don gudun da-na-sani".

A ƙagaggen labari kuwa muna ganin ko yalwar ma ta cika tsayawa daga nesa. In jarumarmu ta shiga kasuwar Dawanau bayan kaka, kada mu ce ta ga yalwar hatsi. Mu ce buhunan gero tinjim har rufin rumfa, wake birjik a kan tabarma, 'yan dako rututu a bakin mota kowa yana jiran a ɗora masa.