Mawaƙin da Ba a Tambayi Lafiyarsa Ba

Na fi shekara biyu ina sauraron waƙar "El Cantante" ba tare da na san abin da take cewa ba. Kiɗan salsa ne ya riƙe ni, ganguna da ƙahonni, da wani goge mai sanyi da ke shigowa a tsakiya. Ran nan wani abokina likita, wanda ya yi karatu a Kiyuba, ya ji tana tashi a motata, ya tambaye ni ko na san kukan mutum nake kaɗa wa kai.

Sunan waƙar da harshen Sifaniyanci yana nufin "mawaƙi". Rubén Blades, ɗan ƙasar Panama, shi ya rubuta ta, amma Héctor Lavoe ne ya rera ta a 1978. An haifi Lavoe a garin Ponce na Puerto Rico a 1946, ya tafi New York yana saurayi, ya yi tashe tare da makaɗi Willie Colón. Kafin waƙar ta zo hannunsa, hodar iblis ta heroin ta fara cin ƙarfinsa, tauraronsa ya soma dusashewa. Colón ne ya roƙi Blades ya bar masa ita, ita kuwa ta farfaɗo da sunansa.

Abokina ya ce a cikinta mawaƙin yana gaya wa 'yan kallo cewa ya san kuɗi suka biya domin a faranta musu rai, kuma zai faranta. Amma da zarar an tashi daga wasa, shi ma mutum ne kamar kowa, babu mai tambayar abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Ko sau ɗaya waƙar ba ta ambaci ƙwaya ba, kuma a ganina nan nauyinta yake, domin duk wanda ke cikin zauren ya san labarin. Latti da ya riƙa yi wajen zuwa wasa ma raha aka mai da shi, har aka yi masa laƙabin sarkin cika lokaci. Mutum yana nutsewa, masoyansa suna tafi.

A 1987 harsashi ya kashe ɗansa bisa kuskure. A 1988 aka shirya masa wasa a Bayamón, jama'a ba su zo ba, aka dakatar. Bayan haka ya faɗo daga hawa na tara na wani otal a San Juan. Bai mutu ba, amma bai sake komawa daidai ba, har cutar ƙanjamau ta yi ajalinsa a New York a 1993, yana da shekara 46.

Na ɗauka sanin wannan zai sa in daina rausaya mata. Jiya da na kunna ta a hanyar aiki, sai da na kusa isa na lura yatsuna suna buga sitiyari, na ji kunya, amma ban kashe ba.