Kunyar Zancen Fitsari Na Cinye Mana Dattawa

Jama'ar Kankiya da Kusada, akwai ciwon da ke cin iyayenmu maza amma ba a zancensa ko a majalisa. Dattijo ya tashi fitsari sau biyar cikin dare, yana fita ɗis-ɗis, sai a ce sanyi ne, a sayo masa jiƙo ranar kasuwa. Haka kawuna ya yi shekara biyu yana ɓoyewa. Ranar da aka yi masa hoto, kansa ta riga ta kama ƙashin baya.

Kansar furostet nake nufi, wadda ake ce wa kansar mafitsara. Furostet wata 'yar tsoka ce kamar goro a ƙarƙashin mafitsarar namiji. Tana fitar da sinadarin PSA, mai tsinka maniyyi. Idan ta samu matsala sinadarin yakan yi yawa a jini, shi ya sa ɗan jini kaɗan ya isa a auna. Hawansa ba lallai kansa ba ce, kumburin tsufa ma na kawo shi. Likita ne zai tantance da hoton MRI da gwajin tsoka.

Masu bincike sun gano wani sinadarin kuma, PSMA, da ke taruwa a jikin ƙwayoyin kansar. A 2020 Amurka ta amince da allurar da ke manne masa, hoton PET ya haska duk inda ciwon ya ɓuya. Wannan ya yi mana nisa, na sani. Amma gwajin jinin bai fi ƙarfinmu ba.

Ciwon nan bai san mulki ba. Shi ya yi ajalin Gwamna Akeredolu na Ondo a 2023, kuma a 2025 aka gano na Joe Biden ya kai ƙashi. Baƙar fata sun fi shiga haɗari, kuma farkonsa sau da yawa ba ya nuna alama.

A Kankiya muke da makarantar koyon aikin lafiya da babban asibiti. Me zai hana ɗan majalisarmu na Kankiya/Ingawa/Kusada da masu hali su ɗauki nauyin gwajin PSA duk shekara? Limamai su faɗa a huɗuba. Kai kuma da ka haura 45, musamman in mahaifinka ko yayanka ya yi ciwon, je ka ga likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.