Daga Tawa zuwa Agadas: ranar da mota ta yi ta rawa a kan kwalta

Hanyar da ta tashi daga Tawa ta bi ta Abalak zuwa Agadas ta kai kimanin kilomita 400. Ɓangare ce na hanyar Arlit, wadda aka gina tsakanin 1976 da 1980 domin jigilar ma'adinin yuraniyom. A tafiyar da muka yi a 2019 mun tarar da ita kashi biyu: wani wuri kwalta lafiya lau, wani wuri kuma ta kakkarye har direbobi sun gwammace su sauka su bi yashi. Muna cikin wata tsohuwar Land Cruiser mai jan ƙafa huɗu, ƙirar shekarun 1980, mu bakwai, har da mata biyu da jinjiri.

Abin mamaki, a wuraren da hanya ta lalace motar ba ta nuna wani ciwo ba. Sai da muka wuce tafkin Tabalak, inda masunta ke ɗaga wa matafiya kifi, muka samu shimfiɗaɗɗiyar kwalta, allura ta kai 80, sannan wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujeru, madubi ya dushe saboda kakkarwa. Da an sauko zuwa 60 sai ya lafa. Wannan ɗabi'ar tsofaffin motocin daji ce: gargada tana ɓoye aibinsu, kyakkyawar hanya kuma tana tona shi.

Direbanmu mutum ne mai natsuwa. Bai tsaya ba tukuna, sai ya yi gwaji biyu. Da farko ya tambaye mu inda muke jin rawar. Sitiyari a hannunsa shiru yake, alhali da tayoyin gaba ne suka rasa daidaito, da nan za a fara ji. Daga nan ya kai motar 80 ya zare giya, ya bar ta tana gangarawa. Inji ya sauko, rawar ta ragu amma ba ta ɗauke ba, da ya mayar da giya ya taka mai kuwa sai ta dawo da ƙarfinta. Ya ce inji ya fita daga zargi, tun da abin yana bin gudun mota ne, ba juyin inji ba.

A Abalak muka shiga wani gareji na rumfar kwano. Mai garejin dattijo ne, ya saurari bayani har ƙarshe bai katse mu ba.

"Malam, jijjiga kuka ji, ko kuwa zuzar ƙudan zuma?"

"Baba, ta fi kama da zuza."

"To, ku bar zancen taya."

Hujjarsa ta gamsar da mu, kuma ta cancanci mai karatu ya riƙe ta. A gudun kilomita 80 tayar irin wannan mota tana juyawa kusan sau 9 a sakan guda, saboda haka rawarta jijjiga ce da jiki ke iya ƙirgawa. Sandar da ke kai ƙarfi daga akwatin giya zuwa ƙafafun baya, wadda makanikanmu ke kira kardan, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma furofela, tana juyawa kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Rawarta ta wuce 30 a sakan, shi ya sa ake jin ta kamar gurnani a tafin ƙafa. Duk da haka bai ƙi duba tayoyin ba, domin busasshen laka a cikin ƙarfen taya, ko kumburi a jikinta, sun sha sa mutane kashe kuɗi a banza. Kardan na gaba ma ya wanke shi nan take: makullan ƙafafun gaba a buɗe suke, motar kuma tana jan baya kaɗai, ke nan wannan sanda ba ta juyawa sam.

Aka tare tayoyi da duwatsu, aka zare giya, ya shiga ƙarƙashi. Ya fara da duba ko kunnuwan ƙarshen sandar biyu suna kan layi ɗaya, don idan an taɓa kwance ta aka mayar a karkace, ko da haƙori ɗaya ne, za ta yi rawa alhali komai nata sabo ne. Suna daidai. Ɗan ƙarfen da ake liƙa mata domin daidaita nauyi shi ma yana nan. Sai ya kama ta da hannu biyu ya murɗa, muka ji ƙwas. Ya kira mu muka durƙusa, ya nuna mana jan gari kamar na tsatsa a bakin gaɓar baya, wato kurwaziyon. Maiko ya ƙare a ciki, ƙura ta shiga, ƙananan alluran ƙarfen da ke ciki sun niƙe.

Wani daga cikinmu ya so a lallaɓa zuwa Agadas, ganin rana ta yi. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce gaɓar da ta kai wannan hali ba ta da alkawari; idan ta tsinke ana cikin gudu, sandar za ta yi ta dukan cikin motar, tana iya fasa abin da ta tarar, kuma tsakanin nan da Agadas akwai dajin da mutum zai daɗe bai ga inuwa ba. Muka dubi jinjirin, gardama ta ƙare.

Aikin ya ci awa biyu. Kafin ya kwance sandar sai da ya yi mata alama da alli, domin ta koma yadda take. Ya sa sabuwar gaɓa, ya ɗura maiko har ya ɓullo ta kusurwoyi huɗu, ya kuma gargaɗi direba da ya riƙa yin haka duk lokacin da aka sauya man inji, da kuma bayan an ratsa ruwa da damina.

Bayan La'asar muka kama hanya. A kwalta ta farko mai kyau direba ya kai 80, ya ƙara zuwa 90, kowa ya yi tsit yana sauraro, ba mu ji komai ba sai iska. Dare ya yi nisa kafin mu shiga Agadas, don haka sai da safe muka ga hasumiyar babban masallacin, mai tsawon mita 27, tsaye a kan gidajen jar ƙasa.