Zoben Da Ya Mallaki Masu Shi

Mu malaman sakandare muna yawan karanta labaran ɗalibanmu, inda jarumi ke tsintar laya ko zoben tsafi, ya ci yaƙi, ya auri gimbiya, bai rasa komai ba. Abin yana damunmu, domin yana koya wa yaro cewa iko kyauta ake samunsa.

Mu dubi littafin Tolkien na Ingila, The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955. Sauron ne ya ƙera zoben a wutar dutsen Orodruin, ya zuba ƙarfinsa a ciki don ya mallaki masu sauran zobban. Ke nan tun asali gurɓatacce ne. Smeagol ya kashe abokinsa Deagol saboda shi, ya riƙe shi kusan shekara 500 har ya lalace ya koma Gollum. Boka Gandalf ya ƙi karɓa, don ya san ta hanyar tausayinsa zoben zai kama shi. Frodo kansa, da ya kai bakin wutar, sai ya ƙi jefawa.

Saboda haka 'yan'uwa marubuta, kafin mu miƙa wa jarumi kayan tsafi, mu tambayi kanmu wa ya ƙera shi, da wane nufi, kuma me zai raba mai riƙe shi da shi.