Ba Inda Aka Faɗi Ba

Idan manhajar da ka rubuta da Python ta yi kuskure, yawanci takan nuna maka layin da matsalar take. Amma idan injin da ke gudanar da ita ne ya kife, wato CPython da aka gina da yaren C, "Segmentation fault" kawai za ka gani.

Cikin abubuwan da ke jawo haka, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙidayar da CPython ke yi wa kowane abu a ƙwaƙwalwar kwamfuta: wurare nawa ke riƙe da shi. Da ta kai sifili, sai a share abin. To, idan mai rubutu da C ya manta bai ƙara ɗaya ba, za a share abin tun ana bukatarsa, a ba wani gurbinsa. Aiki ya ci gaba lafiya lau, sai can gaba komai ya rushe a wurin da babu ruwansa.

Shi ya sa gdb, kayan aikin binciken kuskure, ke nuna inda aka faɗi, ba inda aka yi tuntuɓe ba. Ni na fi dogara da wani kayan binciken, Valgrind, duk da jan ƙafarsa, domin yakan faɗi inda aka saki gurbin tun farko, muddin an kashe pymalloc, wato tsarin da CPython ke rabon gurbi da shi.